Jakar Iskar da Na Ɗinka

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Masu zuwa ta'aziyya sun fara raguwa.

Yau kwana hamsin da jirgin ɗana ya faɗo a bakin filinku na jirgin sama, kowa kuma da dalilin da yake kawo mini. Mai shagon da ke jikin nawa ya ce ruwa ne ya shiga man jirgin. Wata da ta kawo ɗinki ta rantse shaho ne ya shige injin, sai ka ce tana zaune a ciki. Har wanda ko keke bai iya ba ya zauna yana yi mini bayanin fukafukai. Ina jin su, in ce Allah ya kyauta.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ka san doguwar jakar ƙyallen nan da kuke ratayewa a kan sanda, don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Da tsohuwar ta yage, ɗan nawa ne ya kawo mini awo da yadi ya ce in ɗinka wata. Na ga yadin shara-shara ne, damina ɗaya ba zai kai ba. Sai na yi masa shafi da wani yadi mai kauri, na ninka bakin sau uku, ina ta murna na yi aikin ƙwarai. An ce ranar iska ce ta taso daga gefe yana sauka. To in jakar ta yi nauyi, ya leƙo ya gan ta rataye shiru, ai zai ɗauka gari lafiya lau.

Kai ne mai kula da filin, kana tsaye a wurin. Ka gaya mini, jakar ta tashi ko ba ta tashi ba?

Ka gaida yara.
Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara haƙuri.

Masu bincike sun zo su uku. Sun auna ƙasa, sun ɗebi mai a kwalba, sun kwashe guntayen ƙarfe sun maƙala wa kowanne lamba. Babbansu ya ce yana iya zama injin, yana iya zama iska, yana iya zama nauyin kwalayen maganin da ya ɗauko ne ya karkata gefe guda. Ya ce rahoto sai ya kai shekara, wani lokacin ma ya fito babu amsa a ciki.

Ni dai abin da na gani ke nan. Safiya ce mai kyau, ciyawa duk raɓa. Na ɗora masa ruwan shayi don na ji ƙararsa tun daga nesa. Ya fito ta bayan itatuwa rana na haska cikin jirgin, yana saukowa a hankali kamar yadda ya saba. Sai fiffike ɗaya ya ɗaga. Har yau in na rufe ido a nan nake tsayawa, jirgin na rataye a sama bai taɓa ƙasa ba.

Ki daina sa wa ranki damuwa, Yaya. Kwana ne ya ƙare.

Ƙaninki mai biyayya

*

Auta,

Na gaishe ka, duk da ba ka cancanci gaisuwar ba.

Tambaya ɗaya na yi maka, ka cika takarda da kwalba da lamba. Ni za ka yi wa kwana-kwana? Ni na goya ka, na san yadda kake sosa ƙeya in kana ɓoye abu, kuma na ga sosa ƙeyar a cikin rubutunka. Shirunka ya ba ni amsa.

Na lulluɓe keken ɗinki tun ranar da wasiƙarka ta zo. In na ɗauki almakashi sai in mayar in ajiye. Kayan mutane na nan jibge a kan tebur, suna zuwa suna komawa, ina ba su haƙuri.

Da rana nakan kishingiɗa a kan benci, barci ya ɗan figi idona. Kullum abu ɗaya nake gani. Ina tsaye a wani fili fari fat, babu iyaka, jakar na hannuna. Ina ɗaga ta sama ina hura mata iska da bakina don ya gani, ita kuwa sai ƙara tsawo take yi, tana zuba a ƙasa tana nannaɗe mini ƙafa. Shi yana can sama yana zagaye, ba ƙara ba hayaƙi, ƙaramin yaro da shi, da rigar makarantar da na rage masa hannu. Yana ɗago mini hannu yana jira in ce ya sauko. Ban taɓa kaiwa ƙarshen mafarkin ba.

Na yanke shawara. Ranar Litinin zan je wurin masu binciken in faɗa musu, daga nan in wuce wurin matarsa. Gara ta tsane ni da ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe ni ba ta sani ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Don girman Allah kada ki je ko'ina sai kin karanta wannan.

Jakarki ba ta taɓa hawa sandar nan ba, ko na minti ɗaya.

Ranar da ya kawo ta, ya warware ta a gabana ya ɗaga, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce wannan ko guguwa sai ta yi da gaske, tsohuwa ta ɗinka mana bargo. Washegari ya sayo wata ta kanti, mara nauyi, muka rataya. Ita ce a sama ranar, kuma ta tashi, ta miƙe sambal, masu bincike sun rubuta haka. Ya ga iskar, Yaya. Abin da ya faru bayan nan Allah kaɗai ya sani.

Ya ce mini, “Kawu, kada ka yarda ta ji. Kwana uku ta yi a kanta.” Na yi masa alkawari. Da wasiƙarki ta farko ta zo na rasa yadda zan yi, ga alkawarin mamaci, ga ki. Na ɗauka in na yi shiru abin zai wuce. Na yi wauta, ki yafe mini.

Taki kuwa ninke ta ya yi, ya mai da ita matashin kai. A ɗan ɗakin da ke bakin fili akwai gadon katako inda yake miƙewa kafin a gama loda masa kaya. Tana nan inda ya bar ta, da lotsawar kansa a tsakiya. Na kasa taɓawa.

Ƙaninki

*

Auta,

Na gaishe ka, na kuma yafe.

Bargo ko? Ja'irin yaro. Shekara talatin ina ɗinki, sai shi ne zai raina mini hannu. Na yi dariya ni kaɗai a shago har mai shagon kusa ya leƙo.

Daga dariyar ne kukan ya zo. Wata uku ina rungume da laifin nan, shi ya hana ni kuka, don gani nake ban isa in yi ba. Yanzu ka karɓe shi, hannuna babu komai, ban san abin da ya kashe ɗana ba, wataƙila kuma ba zan taɓa sani ba. Ina kewarsa, Auta, kewa mai tsanani.

Ranar Litinin ɗin ina tafe wurinka. Kada ka aiko da jakar, kada ka ɗaga ta daga gadon. Ka faɗa wa matarka, na san ta da tsafta, kada ta kuskura ta wanke.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayarka