Katin da Ya Fi Ni Hutu

Dubai, Yuli 2008

Yaya Gabriel,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ruwa ya zauna a Manga?

Ni lafiya, sai gajiya. A shagon kwamfutar nan ni ke share ƙurar katin hoto, wani sashen cikin kwamfuta da masu buga gem ke saye. Guda ɗaya ya fi shanun huɗar Baba tsada. Yana da fankarsa, kuma da ya ɗan yi zafi oga zai ce a bar shi ya huta. Mu takwas ne a ɗaki, fankarmu ta mutu tun Mayu. Kada Mama ta ji.

Don Allah kada ku sare mangwaron ƙofar gida. Ina so in dawo in tarar da inuwa.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninka,
Philemon