Hannun Hagu a Legas

Zuwa ga Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen Gude da tsadar nan?

Ni lafiya lau a nan sansanin horo, sai dai damben zamani ba irin namu ba ne. Ka san mu: hannun hagu garkuwa ne, a miƙe shi gaba, na dama ke kisa. Nan kuwa ina miƙa shi sai in ji naushi a fuska. Kocinmu ya gaji da cewa, "Dabo, tsare haɓarka!" Yanzu ɗaure min na dama yake yi ta baya, in wuni dukan buhu da hagu. Haushinsa nake ji, amma jiya da hagun nan na kai mutum ƙasa.

Ranar Asabar za a tace mu a gasa, wanda ya faɗi sai gida. Ga shi na ji tun zuwan shari'a an hana kiɗan dambe a garinmu. In na dawo, me zan yi?

A sa ni a addu'a. In ka ga rubutun ya karkace, da ido ɗaya na yi shi, ɗayan ya kumbura. Kada Inna ta ji.

Ƙaninka,
Dabo