Azurfar da Mama Ta Goge

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya ciwon bayan nan naka, ya yi sauƙi? Mu nan sai godiya, sai kuma gajiya. Takarda na rubuto maka maimakon waya, don Mama tana jin magana ta bayan bango, ni kuma in na dawo daga kantin magani bayan tsayuwar yini guda, bakina ba ya son motsi.

Likita ya duba Baba. Ya ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, sai an yi aiki. Yanzu da laluben bango yake zuwa banɗaki. Shekaranjiya ya yi ta tsiyaya shayi a kan tebur, gefen kofi, yana jiran kofin ya cika. Shi dariya ya yi, ni kuwa na shige kicin na yi kukana. Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi, amma magani da gwaje-gwaje sun lamushe shi. Na san aikinku ya ja baya, ba ƙorafi nake yi ba.

Ka ce a sayar da kwandalolin azurfa, ai don irin wannan rana aka ajiye su. Baba ya yarda, amma sai da ya juya fuskarsa bango kafin ya amsa. Ka tuna lokacin da ya bar aikin gidan waya, kai da shi kuka duƙufa kan mujallar nan mai tallan kwandaloli, kuka ce fili yana da rigima, kuɗin takarda yana narkewa, amma azurfa ba ta ruɓewa. Rabin kuɗin sallamarsa nan ya tafi. Jiya na sauko da akwatin daga saman kwaba. Har na manta girmansu. Kowace ta cika tafin hannu, tana kwance a gidanta na roba mai haske, ga takardar shaida a gefe. Wata jirgin ruwa ne a jikinta, wata tsuntsu. Sai ƙyalli suke kamar yau aka ƙera su. Mama ta tsaya a kaina tana murmushi, har da ce mini in riƙe a hankali kada in bar musu shatin yatsa.

Gobe in na tashi aiki zan kai su wurin mai kantin tsofaffin kuɗi da ke bayan tashar mota. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fata kowa lafiya a gidanka. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ma ya gaji.

Na je. Mai kantin dattijo ne marar hayaniya, yana da wani ɗan gilashi da yake mannawa a ido ɗaya. Ya buɗe ta farko, ya duba, ya ajiye. Ya buɗe ta biyu, ya sauke numfashi. Sai ya ɗago ya ce, “'Yata, wa ya wanke su?” Na ce ban gane ba. Ya miƙo mini gilashin. Yaya, abin da muke gani ƙyalli, a ƙarƙashin gilashin nan zane ne sirara birjik, kamar an ja tsintsiya a kan yashi.

Ya yi mini bayani a natse. Ya ce kuɗin irin wannan kwandala kashi biyu ne, akwai na azurfar kanta, akwai na sha'awar masu tarawa. Su kuwa masu tarawa wadda hannu bai taɓa ba suke so, ko da ta yi baƙi, baƙin ma kuɗi ne a wurinsu. Yawancin na Baba an buga su da yawa, ko ba a taɓa su ba da wuya su mai da abin da ya biya. Amma akwai 'yan kaɗan a ciki da suka yi ƙaranci a duniya, da an bar su yadda suke, da sun biya aikin ido biyu har da canji. Yanzu sai dai ya ɗora su duka a sikeli kamar tsofaffin cokula. Na kwashe kayana na tafi wani kantin, can ma maganar ɗaya ce. Abin da za su bayar, aikin ido ɗaya zai yi.

Da na dawo na tarar da Mama tana guga. Na tambaye ta cikin wasa ko wani ya taɓa goge su. Ka san Mama, matar da take wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ta ajiye dutsen guga ta ce, “Ni mana! Duk ƙarshen mako in babanku ya fita, in ɓalle murfin da bakin wuƙa, in sa toka da lemun tsami. Da ba don ni ba da tuni sun koma gindin tukunya. Dukiyar mutum ce, a zuba ido ta lalace?” Ta nuna mini babban yatsanta, inda wuƙar ta taɓa yankarta.

Karin maganar nan ta garin neman gira ta zo mini har bakina, na haɗiye ta, don ban taɓa jin ta yi ɗaci haka ba. Na ce mata farashin azurfa ne ya faɗi. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da 'yan kasuwa, ta ci gaba da gugarta.

Ban san yadda zan gaya wa Baba ba. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Taka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zuciyarka ta sauka tun bayan amsarka. Na karanta ta a tsaye a kantin magani, kuma na gane fushinka, ni ma na yi irinsa. Amma maganar za ka kira Mama ka faɗa mata, don Allah ka bar ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ji abin da ya faru tukuna.

An yi aikin, na idon dama. Kafin a shiga da shi, muna zaune a bencin asibiti muna jiran layi na kasa riƙewa, na gaya wa Baba komai. Ko motsi bai yi ba. Ya ce ya sani tun shekarar farko. Wata rana ya dawo da wuri ya tarar da ita zaune a ƙasa, ta jera su a kan tawul tana 'yar waƙarta, ta riga ta goge su kaf. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ta ɗago ɗaya ta ce ya duba fuskarsa a ciki. “Ɓarna ta riga ta auku, Auta,” in ji shi. “In na faɗa, kuɗin ba zai dawo ba, sai dai in yi asara biyu.”

Raina ya ɓaci. Na ce to me ya sa ya bar ni na yi ta yawo da akwati kanti-kanti ina sa rai? Ya ce yana fata ne mai kantin ma yana da yana a ido. Na yi dariya ban shirya ba, har ma'aikaciyar jinya ta waiwayo. Abu ɗaya ya roƙa, kada Mama ta ji, daga bakina ko naka.

Ka tambaya ko kai ma ka sayar da 'yan kwandalolinka da kake tara wa yara. Ni ba masaniya ba ce. Abin da na gani shi ne, mai sayarwa yana yabon hoton jiki, mai saye yana duban sikeli. In za ka riƙe, ka riƙe da kuɗin da ba za ka nema ranar ciwo ba.

Jiya aka cire bandeji. Dama da zan sayar da kwandalolin Baba ya sa na rage guda ɗaya, mai jirgin ruwa. Mama ta zo da ita a naɗe cikin hankici, ta sha sabuwar guga, wai ita ce abin da zai fara gani. Ya kawo ta kusa da idon, ya daɗe yana juya ta. Sannan ya ɗago ya dubi Mama ya ce, “Ashe tsufa kika yi ba ni da labari.” Ta ce shi ma ba yaro ba ne. Sai ya miƙa mata kwandalar ya ce, “Ga wani ɗan wuri nan a gefe, bai fita sosai ba.”

Idon hagu sai yadda Allah ya yi. Yanzu haka Baba yana zuba shayinsa da kansa, a cikin kofi, ni kuma ina jiyo Mama a kicin tana neman toka.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta