Na Kulle Saitin Kwamfutar Baba Saboda Matar Ƙanina

Anti, don Allah ki taimake ni, wani abu ya tsaya mini a rai kuma kunyar faɗa wa kowa nake ji. Ni ce babba a gidanmu, shekarata goma sha biyu ina aikin gyaran kwamfuta. Tun rasuwar Mama, ko rimot ne ya rikice wa Baba ni yake kira. In ya yi baƙi kuwa sai ya nuna ni ya ce ga injiniyarsa.

Wata biyu da suka wuce kwamfutarsa ta tebur ta ƙi tashi. Hotunan Mama duk suna ciki, da tarihin rayuwarsa da ya shekara uku yana bugawa da yatsa biyu. Na ce ya kwantar da hankalinsa, aikin minti goma ne. Zan shiga BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi kafin komai ya buɗe, in sa ta tashi daga filas ɗin USB, in kwashe masa kayansa. Anti, kwana uku ina zuwa bayan na tashi aiki. Na danna F2, na danna Del, F10, F12, har yatsana ya yi tsami. Tambari ya haska ya wuce, sai baƙin allo. Na cire ƙaramin batirin ciki na mayar, shiru. Baba na zaune a bayana, sai goge tabarau yake yi.

Rana ta uku matar ƙanina ta kawo masa abinci. Malamar firamare ce, ko sukurun kwamfuta ba ta taɓa kwancewa ba. Ta ɗan tsaya, sannan a hankali ta tambaye ni ko na gwada kibod mai waya, wai an taɓa yin haka a makarantarsu. Na watsa mata harara. Baba ya ce a gwada mana. Ta shiga sito ta ɗauko tsohon kibod ɗinsa duk ƙura, wanda ni da kaina na jefa can ranar da na kawo masa sabo marar waya. Dannawa ɗaya BIOS ya buɗe.

Baba ya yi dariya har da tafi, ya ce ashe injiniyan gaske na cikin gida bai sani ba. Ni na yi sauran aikin, awa biyar, na ceto komai, amma ba wanda ya tuna. Ƙanina sai baza labari yake a dangi. Yanzu in wayar Baba ta yi gardama, ita yake nema.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Kafin in tafi ran nan na sa wa BIOS ɗin kalmar sirri, don kada kowa ya sake shiga sai ni. Sati uku ke nan ban leƙa gidan ba. Matar ƙanin nawa tana turo mini gaisuwa, Yaya kaza Yaya kaza, ina amsawa da kalma ɗaya. Na san ba ta yi mini komai ba, amma ko sunanta aka ambata sai ƙirjina ya yi zafi. Anti, ya zan yi?

Babbar 'ya

Ƙanwata, kishi ne ke damunki, kuma tunda kin iya rubuta shi baki da nisa da warkewa.

Mu fara da kwamfutar. Yawancin kibod marar waya mai bulutus ba ya farkawa sai komai ya gama buɗewa, lokacin kuwa ƙofar BIOS ta riga ta rufe. Kin san wannan sarai. Tsoron rasa hotunan mahaifiyarki da idon Baba a bayanki ne suka sa kika tsallake ƙaramin abu kika tafi neman babba. Yana faruwa da ƙwararru.

Kina da gaskiya ta wani ɓangaren. Wasan Baba ya yi miki zafi, kuma awa biyar ɗinki ta cancanci godiya. Amma matar ƙaninki tambaya ta yi cikin ladabi, kuma tambayarta ce ta buɗe miki hanya. Sannan ki duba, sati uku ba ki je ba. In wayar tsoho ta rikice, wa kike so ya kira?

Kalmar sirrin nan kuwa kuskure ne, ba zan ɓoye miki ba. Ba ita kika kulle ba, Baba kika kulle. In kika yi tafiya ko kika manta kalmar, shi zai sha wahala. Ki je cikin satin nan ki cire ta. Ki bar kibod mai wayar a jone, ki rubuta maɓallin shiga saitin a takarda ki manna a jikin kwamfutar, ki kwafe hotunan da rubutun a wuri biyu.

Daga nan ki zauna da Baba ku biyu, ki faɗa masa maganarsa ta taɓa ki. Ina kyautata zaton bai ma san ya yi ba. Ita kuma ki kira ta da bakinki ki ce kin gode, ko da muryarki za ta yi rawa. Mahaifinku ya manyanta, samun mutum biyu masu kula da shi sauƙi ne gare ki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan Mama.