Ƙananan Lambobin da Na Sauko da Su

Assalamu alaikum. Don Allah a taimake ni da shawara, na gaji. Ni ban yi makaranta ba, ko aji ɗaya. A gidan buga littattafai na koyi karatu, shekara talatin da ɗaya ina jera harufan dalma da hannu, har maigidanmu yana cewa layina ya fi zare miƙewa. Da kwamfuta ta zo aka sallame mu, ko sannu babu. Wannan ma wani zance ne.

Autata ce take kammala karatun kimiyya a jami'a. Ta rubuta kundin bincikenta da hannu, shafi tamanin, cike da lissafi. Na ce ina raye ba za ta kai wa wani ya buga mata ba, ai tun bara na koyi danna kwamfutar tata. Ta yi ta noƙewa, na nace. Kwana tara ina duƙe a teburin falo, bayana kamar zai ɓalle. Sai na lura wasu ƙananan lambobi sun ɗare kafaɗar harufa, wasu sun zame ƙasa. Na ce gaggawa ce ta sa hannunta rawa. Na jera su duka a layi ɗaya, tsaf. Akwai wani "u" mai jela, shi ma na yanke masa jelar.

Ba ta duba ba, ta kai wa malaminta. Ya dawo da shi, wai lissafin duk ya lalace, in ba ta gyara kafin Litinin ba sai baɗi. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Uwarta ma ta bi bayanta, wai in ba ta haƙuri. Ni, uba? Ni da na yi don alheri?

Tsohon Mai Jera Harufa

Wa alaikumus salam, Baba. Sannu da ɗawainiya. Kwana taran nan ƙauna ce, ita ma ta sani. Kuma da laifinta, bai kamata ta miƙa aikin da ba ta karanta ba.

Amma hannunta bai yi rawa ba. A lissafi, inda lamba ta zauna shi ne ma'anarta. Biyar mai ƙaramin biyu a kafaɗa ashirin da biyar ne. Ka sauko da biyun, ya koma hamsin da biyu. Mai jelar nan kuma ba "u" ba ne, harafin Girkanci ne. Shi ya sa manhajar rubutu ta kwamfuta take da wurin saka lissafi na musamman: a buɗe shi, ya kawo 'yan akwatuna, na kafaɗa daban, na ƙasa daban, kowace lamba ta shiga nata.

Litinin ta kusa, ba lokacin jan girma ba ne. Ka kira ta yau, ka ce ka yi kuskure. Ba abin da zai ragu a jikinka. Ita ta zauna ta mayar da lambobin, kai ka riƙe rubutun hannunta kana gwadawa da abin da ta buga, alama bayan alama. Idon da ya gano su duka ya sauko da su, shi zai tabbatar ko ɗaya ba a bari a ƙasa ba.

Allah Ya ba ta sa'a, Ya huci zuciyarka, Baba.