Gasket Biyun Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta kuma ta haihu, an samu mace. Sai dai idon Baba kullum ƙara ja da baya yake yi, amma ko kwana ɗaya bai fasa fitowa gareji ba.

Yaya, raina a jagule yake. Wani direba, Dogo, ya kawo motarsa ta dizal mu sa mata tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, ka kuma san dole a rage matsin inji, in ba haka ba ya dagargaje. Na ɗauko sirinji na ɗura mai a kwarmin fistin don in auna girmansa, na haɗa da kaurin gasket, shimfiɗar da ake sawa tsakanin inji da kansa, ya ba ni mililita hamsin. Filin da fistin ke sharewa daga ƙasa zuwa sama ɗari takwas da hamsin ne. Na haɗa su na raba da hamsin, matsin ya ba ni sha takwas, alhali sha shida muke nema. Baba ya ce in ajiye biro, a ninka gasket biyu kawai matsin ya ragu, haka ya saba tun ba a haife ni ba. Na lissafa nasa, ya faɗo ƙasa da sha biyar. Injin ba zai tashi da sanyin safe ba, gasket ɗin ma ba za su daɗe ba. Da na faɗa masa, sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai na saci jiki na kai fistin ɗin wurin mai injin yankan ƙarfe, ya ƙara wa kwarminsu zurfi yadda gasket ɗaya zai isa. Ranar haɗawa, Baba na fita sallar Azahar na zare gasket ɗaya na ɗaure kan injin. Mota ta tashi lafiya lau.

Yanzu duk wanda ya shigo sai Baba ya ba shi labarin gasket biyunsa, don bai san na zare ɗaya ba, yana tsokanata wai Malam Sirinji ya sha ƙasa. Rabon da in ga yana dariya haka tun kafin idonsa ya taɓu. To, jiya wani ya kawo motar da yake ci da iyalinsa da ita, ya ce irin aikin Baba na gasket biyu yake so. Baba ya ce ran Asabar shi zai ɗaure da hannunsa, ni in miƙo sifana kawai. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru na cuci bawan Allah, in na yi magana na kashe wa Baba ɗan abin da ya rage masa.

Ka gaida Goggo da maiɗakinka da su Ƙarami. Don Allah ka kira ni kafin Asabar. Ni zan faɗa masa, amma kai ka fi ni sanin bakinsa, ka koya mini ta inda zan fara.

Naka har kullum,
Ƙaninka na gareji