Masuntan da ke Bangon Hagu

Unguja, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Fidelisi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, yaya su Agata da jikoki? Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Ba labari mai daɗi zan ba ka ba. Laima ta ci bangon hagu na cocinmu, daidai zanen da Baba ya yi na Yesu yana tsawata wa guguwa. Fentin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Kwamiti ya ce a shafe shi da farar ƙasa. Shugabansu, Kasiani, wai abin da ya cancanci gyara shi ne aikin Faransawa, wato hasumiyoyin nan biyu da gilasan tagogi da bagadi, tunda sun haura shekara ɗari. Na Baba kuwa, a cewarsa, aikin mai fentin shaguna ne.

Na miƙe na ce masa, “Kasiani, a ƙarƙashin zanen nan aka yi maka baftisma, kana tsala ihu ka fi guguwar.” Aka yi dariya, amma ba su janye ba. Fada ya ba ni mako biyu in kawo hujja. Don Allah ka aiko mini hoton aurena da ke wurinka, zanen ya fito sosai a bayanmu.

Yayarka,
Perpetuwa

Unguja, 30 ga Mayu

Ƙanena Fidelisi,

Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Hoto ya iso, Allah ya saka.

Na kai shi a ƙara masa girma. Mai shagon, Musulmi ne ɗan unguwar masunta, ya ƙura masa ido, sai ya kira kawunsa, wani dattijo mai suna Makame. Tsohon ya ɗora yatsa a kan mai riƙe da igiyar jirgi ya ce mahaifinsa ne. Ashe Baba bakin teku ya riƙa zuwa yana zana fuskokin masunta, su ya mayar manzanni. Shekara sittin ina durƙuso a gaban bangon nan ban sani ba!

Ran Asabar dattawa bakwai suka zo cocin, waɗansu da 'ya'yansu. Suka tuɓe takalma a ƙofa, ko da yake Fada ya ce ba sai sun yi ba. Wannan ya nuna kakansa, wancan kawunsa. Makame ya daɗe a tsaye, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce, “Ku dube shi. Annabi Isa na cikin jirgi, amma mahaifina ke ba da umarni. Haka yake har a gida.”

Ba su da wani hoton iyayen nan sai wannan. Kasiani yana gefe yana kallo. Washegari shi da bakinsa ya sanar cewa za a gyara rufi a tsare zanen, kuma za a rubuta sunan Baba a ƙasa.

Ɗan Makame magini ne, ya san dutsen teku da farar ƙasa, shi zai yi aikin bangon. Ya ce ba zai bar wani ya taɓa kakansa ba.

Ka zo a watan Agusta ko da sanda ne. Akwai fuska ɗaya a bayan jirgin da babu masuncin da ya gane ta, wani saurayi mai manyan kunnuwa. Ni na gane shi. Ka zo ka ga kanka.

Ka gaishe da kowa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Perpetuwa